Shin iya sarrafa zuciya yana ƙara wa ɗalibi himmar karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyu a wata jami'a a nan Bauchi. Likitanci na cika a JAMB, aka ba ni kemistiri. Zangon da ya wuce na faɗi kwas biyu, kuma tun da aka kafe sakamako, ko littafi na buɗe sai in ji raina ya ƙi. Na ji ana cewa ɗaliban da suka iya sarrafa zuciyarsu sun fi himmar karatu. Gaskiya ne, ko dai zancen masu koyar da sirrin nasara ne a Facebook? In gaskiya ne, koyo ake yi ko da abin ake haihuwar mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Alaƙar tana nan, an auna ta, sai dai ba ta kai yadda masu tallarta suke zuzutawa ba. Kuma ana koyon kaso mai tsoka daga cikinta. Ni ilimin halayyar ɗan Adam nake koyarwa a nan Gombe, kuma irin wannan kuka naka shi ya fi kawo ɗalibai ofishina duk lokacin da sakamako ya fito. Don haka zan ɗan tsawaita.

A 1990 wasu masana biyu a Amurka, Peter Salovey na Jami'ar Yale da John Mayer na Jami'ar New Hampshire, suka kawo ra'ayin cewa yadda mutum yake tafiyar da abin da ke motsi a ransa shi ma wata irin basira ce, kamar dai iya lissafi, wadda a nan zan kira basirar zuciya. A 1997 suka raba ta gida huɗu: mutum ya gane abin da yake ji da abin da na kusa da shi yake ji, ya iya amfani da wannan yanayi wajen tunani, ya fahimci daga inda abin ya taso da inda zai kai shi, sannan ya iya juya shi. Ka lura babu himma a cikin huɗun nan. Wanda ya fito da ita fili shi ne Daniel Goleman, ɗan jaridar da ya yaɗa batun a duniya a 1995, domin a nasa lissafin zaburar da kai ɗaya ne daga cikin rassa biyar na wannan basira.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma a nan yawancin binciken da ake yaɗawa suke tuntuɓe. Ka ba ɗalibi takardar tambayoyi, ka tambaye shi ko yana ci gaba da ƙoƙari in ya gamu da cikas, ka rubuta amsar a matsayin basirar zuciya. Ka sake ba shi wata takardar, ka tambaye shi ko yana dagewa a karatu, ka rubuta wannan a matsayin himma. Dole ka ga alaƙa mai ƙarfi, don hatsi ɗaya ka auna sau biyu, mudun kawai ka canja. Kusan kowace shekara sai na ci karo da furojet ɗin ɗan ajin ƙarshe da aka gina a kan wannan, ga jadawali ga lissafi, amma bai gano komai ba. Ga kuma matsala ta biyu: wanda bai san halin zuciyarsa ba shi ne zai fi saurin cika takarda ya ce ya sani sarai. Shi ya sa na fi yarda da gwajin da ake ba mutum matsala a ga yadda zai warware ta, a kan wanda ake ce masa ya yabi kansa.

Binciken da na fi dogara da shi ya fito ne a 2020, ƙarƙashin Carolyn MacCann ta Jami'ar Sydney a Ostareliya. Ita da abokan aikinta sun tattara bincike 158 da suka shafi ɗalibai sama da dubu 42, suka duba dangantakar wannan basira da makin da ɗalibi yake samu. Sun samu 0.20, a ma'aunin da 0 yake nufin babu alaƙa ko kaɗan, 1 kuma yake nufin alaƙa cikakkiya. Wato akwai ta, amma matsakaiciya ce, ta ma fi kusa da ƙarama. A jerin abubuwan da suke hasashen makin ɗalibi ta zo ta uku, bayan kaifin ƙwaƙwalwa da kuma halin tsare aiki da cika shi a kan lokaci. Sun kuma ga ta fi tasiri a darussan adabi da tarihi da makamantansu a kan darussan kimiyya irin naka. Saboda haka duk wanda ya ce maka kaso tamanin na nasara daga zuciya yake, ka tambaye shi inda ya samo wannan adadi.

To in ƙarama ce, me ya sa nake ɓata lokacina a kanta? Saboda adadin nan matsakaici ne na duk ɗalibai a duk ranaku. A ranar da komai yake tafiya daidai, wanda ya iya sarrafa zuciyarsa da wanda bai iya ba duk karatunsu suke yi. Bambancin yana fitowa ne a rana irin taka, ranar da mutum ya tsaya gaban allon sanarwa ya ga F a gaban lambarsa. Dukansu biyu za su ji zafi iri ɗaya. Amma ɗaya zai koma kan littafi bayan kwana uku, ɗaya kuma sai an kafe jadawalin jarrabawa ta gaba. A ganina nan ne ainihin inda basirar zuciya take taɓa himma, wato tsawon lokacin da mutum yake ɗauka kafin ya dawo.

Ita kanta himmar, Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester sun shafe shekaru tun daga wajen 1970 suna nazarinta, kuma abin da suka tsaya a kai shi ne abubuwa uku ne suke ciyar da ita: mutum ya ji da zaɓinsa yake yin abu, ya ji yana iyawa, ya kuma ji yana da mutane a wurin. Yanzu duba wasiƙarka. Kwas ɗin ba kai ka zaɓa ba. Sakamako ya ce maka ba ka iya ba. Na ukun ba ka faɗa ba, amma in ka yi kama da waɗanda suke zuwa wurina, ka fara kauce wa abokan karatunka, musamman waɗanda suka ci. Duka ukun sun taɓu a lokaci guda. In himmarka ba ta yi sanyi ba ai da abin mamaki ne. Wannan ba lalaci ba ne, kuma kiran sa lalaci yana ƙara dagula lamarin, don ya ƙara maka wani laifin da za ka ji kunyarsa.

Ka ce in ka buɗe littafi sai ka ji ranka ya ƙi. Aikin farko shi ne ka gano mene ne wannan ƙin, domin abubuwa daban-daban suna zuwa da wannan kama. Wani masani Bajamushe, Reinhard Pekrun, ya yi bayani a 2006 cewa abin da ɗalibi yake ji game da karatu yana fitowa ne daga amsar tambayoyi biyu da yake yi wa kansa ko da bai sani ba: abin nan yana hannuna? Abin nan yana da daraja a wurina? In yana da daraja amma ba ka da tabbacin yana hannunka, fargaba ce. In yana da daraja kuma ka yanke cewa ya fi ƙarfinka, ɗebe tsammani ne. In ba ka ga darajarsa ba, gundura ce. In ka faɗi kuma ka ɗora laifin a kan yadda aka halicce ka, kunya ce. Kowanne da maganinsa. Mai fargaba yana bukatar ya san iyakar abin da za a tambaya, ya gwada kansa da tsofaffin takardun jarrabawa har abin ya daina zama dodo. Mai gundura in ka ba shi tsofaffin takardu ƙara masa gundura ka yi, shi dalili yake nema. Mai kunya kuwa ba littafin yake gudu ba, idon mutane yake gudu, kuma littafin yana tuna masa da su.

Da wannan za ka gane abin da yake faruwa in ka ajiye handawut ka ɗauki waya. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun yi bayani a 2013 cewa jan ƙafa wajen aiki ba rashin iya tsara lokaci ba ne a asali, hanya ce ta kore ɓacin rai na yanzu-yanzu. Ka buɗe littafi, ƙirjinka ya yi nauyi, ka rufe, nauyin ya sauka. Zuciya ta koyi darasi: rufe littafi yana kawo sauƙi. Gobe za ta nemi a rufe tun kafin a buɗe. Shi ya sa sabon jadawalin karatu da ka rubuta ka manna a bangon ɗaki bai yi aiki ba, kuma na goma ma ba zai yi ba in ba a taɓa nauyin ƙirjin ba.

Kiran abin da sunansa yana rage masa ƙarfi. Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun nuna a 2007, ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa, cewa idan mutum ya sa wa yanayin da yake gani a fuska suna, sashen ƙwaƙwalwar da yake tashi lokacin tsoro yana lafawa. Ba sihiri ba ne, kuma ba ya kawar da matsalar. Amma akwai tazara tsakanin "ba na jin daɗi" da "ina jin kunyar in shiga aji ɗaya da yaran da suka zo bayana". Na farko babu abin da za ka yi da shi. Na biyu kuwa ana iya zama a yi shawara a kansa.

A nan sai na taɓo tarbiyyarmu, da hattara. An raine mu a kan haƙuri da kunya da kawaici, a nan Gombe ma a ƙara da fulako, kuma ba na cikin masu cewa a watsar da su. Amma abu biyu muke haɗawa mu kira haƙuri. James Gross na Jami'ar Stanford ya bambance su tun 1998. Akwai haɗiye abu: zuciya tana tafasa, fuska tana murmushi, an tambaye ka ka ce lafiya lau. Akwai kuma sake duban abin ta wata fuska har zafinsa ya ragu tun daga tushe. Gwaje-gwajensa sun nuna mai haɗiyewa bai rage abin da yake ji a ciki ba, jikinsa ma ƙara aiki yake, kuma yana manta abin da aka faɗa a lokacin da yake fama da ɓoye fuskarsa. Ka auna wannan da ɗalibin da ya zauna lakcar awa biyu yana ƙoƙarin kada a gane damuwarsa. Ya halarta, an rubuta sunansa, amma bai fita da komai ba. Gaskiya ne wasu bincike na baya sun nuna illar haɗiyewa tana raguwa a al'ummomin da kame kai yake abin yabo, kuma mu muna cikinsu. Don haka ban ce ka tsaya tsakiyar aji kana kuka ba. Ka riƙe fuskarka a bainar jama'a in ka so, amma ka samu mutum ɗaya da wuri ɗaya da ba sai ka riƙe ta ba. Ko hadisin da muka haddace tun muna Islamiyya, wanda ya ce mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, bai ce mai ƙarfi ba ya fushi ba.

Sake duban abu ba yaudarar kai ba ne, kuma hanya mafi sauƙi ta yin sa a halin da kake ciki ita ce lissafi. Yawancin ɗaliban da suke zuwa wurina da keri-oba, wato kwas ɗin da aka faɗi za a maimaita, ba su taɓa zama sun lissafa ainihin ɓarnar da ta yi musu ba, tsoro ya hana su. Ga misali, lambobin nawa ne, kai sai ka sa naka. A ce ka gama aji ɗaya da yunit 40 a kan matsakaicin maki 3.2, jimla 128 ke nan. Zangon da ya wuce ka ɗauki yunit 20, ka faɗi kwas biyu masu yunit uku-uku, sauran 14 ka samu C mai maki uku a kowane yunit, wato 42. Jimla 170 a kan yunit 60, ya ba ka 2.83. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu suke bi, har yanzu kana cikin digiri mai daraja ta biyu ƙarama, wadda take farawa daga 2.40. In sauran yunit 100 suka rage maka ka riƙe B mai maki huɗu a cikinsu, za ka fita da 3.56, ka haye 3.50 da ake nema don daraja ta biyu babba. Riƙe B har ƙarshe ba wasa ba ne, ban ce maka mai sauƙi ne ba. Amma "na lalace" da "ina bukatar B" ba magana ɗaya ba ce, kuma ta biyun ce gaskiya. Ka je wurin jami'in jarrabawa na sashenku ya nuna maka yadda jami'arku take lissafin kwas ɗin da aka maimaita, don akwai 'yan bambance-bambance.

Sannan ka tambayi kanka me ya kayar da kai, da amsa wadda za a iya taɓawa. Tes ka rasa? Makin aikin cikin zango, wanda yake kai 30 ko 40 cikin 100, a nan aka bar ka? Karatun kwana ka dogara da shi, ka bar komai sai mako biyu kafin jarrabawa, ka shiga ɗakin jarrabawa ido jawur? Lissafin da ke cikin kwas ɗin ne tushensa bai zauna ba tun daga sakandare? Duk waɗannan suna da gyara. "Ni ba ni da ƙwaƙwalwa" ne kawai ba shi da gyara, kuma wanda ya ci makin da har ya sa ran likitanci da wuya wannan ya zama matsalarsa.

Batun kwas ɗin da ba ka zaɓa ba ya fi wuya, kuma ba zan ce maka ka so kemistiri dole ba. Hanyoyi a buɗe suke: neman canjin kwas in dokar jami'arku da makinka sun ba da dama, sake zana JAMB, ko zama. Abin da yake cinye ɗalibai shi ne hanya ta huɗu, wato gangar jiki tana kemistiri, zuciya tana asibiti, shekara uku ba a yanke shawara ba. In ka zaɓi zama, Deci da Ryan sun nuna ba sai mutum yana jin daɗin abu ba kafin himmarsa ta yi ƙarfi, ya isa ya ga abin ya haɗu da wani buri nasa na kansa. A 2009 Chris Hulleman da Judith Harackiewicz sun sa 'yan sakandare a Amurka suna rubuta yadda darasin kimiyya ya shafi rayuwarsu, sai sha'awa da maki suka ƙaru a wurin waɗanda tun farko ba su sa ran za su iya ba. Abin lura shi ne su suka rubuta da kansu, ba malami ya yi musu huɗuba ba. Don haka ni ma ba zan yi maka ba, illa in ce ruwan da ake tacewa daga dam ɗin Gubi a sha a Bauchi, da na Dadin Kowa da muke sha a Gombe, da simintin Ashaka, da maganin da likitan da ka so zama yake rubutawa, duk sai sun bi ta hannun wanda ya karanta abin da kake karantawa. Ko akwai wanda ya taɓa ranka a ciki, kai za ka sani.

Akwai kuma ɓangaren mutane, wanda MacCann da abokanta suka lissafa cikin hanyoyin da wannan basira take bi ta taɓa maki. A jami'a ilimi da yawa ba a aji ake samunsa ba. A tutoriyal ake samu, wanda ƙungiyoyin ɗalibai na sashe da na masallaci da na coci suke shiryawa, da wurin ɗan aji huɗu da ya san yadda wane malami yake tambaya, da rukunin WhatsApp da ake sanar da an matso da tes. Wanda kunya ta sa ya janye jiki ya yanke kansa daga duk wannan. Iya zuwa wurin lakcara ma fasaha ce: ka san lokacin da ba a tunkararsa, ka je da tambaya takamaimiya a kan darasi, ba roƙon maki ba. Mu malamai muna gane bambancin tun daga sallama.

Sai gida. Ban sani ba ko an san sakamakonka, amma na san nauyin da yaron da aka fara kira "likita" tun yana aji shida yake ɗauke da shi. Ɓoyewa tana cin ƙarfin da karatu yake bukata, kuma kullum ƙara tsada take. In ba za ka iya tunkarar mahaifinka kai tsaye ba, ai muna da hanyarmu: ka fara da mahaifiya, ko kawu, ko yayan da yake jin maganarsa. Ka je da lissafin nan a hannu, don labarin faɗuwa da ya zo tare da shiri daban yake shiga kunne.

Kada kuma ka ɗauka duk mai basirar zuciya mai himma ne. Kowane sashe yana da ɗalibin da kowa yake kai wa ƙara, mai sasanta rigima, mai iya magana da shugaban sashe, wanda ya san halin kowa, amma shi da laburare sai hange. Basirar kayan aiki ce, inda mai ita ya nufa da ita nan take zuwa. Wasu siyasar ƙungiyar ɗalibai suke kai ta, wasu ma yaudara.

Game da ko ana koyo: akwai abin da ake haihuwar mutum da shi, wani tun yana goye mai saurin firgita ne, wani kuma ko a jikinsa. Amma gane abin da kake ji da juya shi ana koyonsu. A Beljiyam, Delphine Nelis da abokan aikinta sun ba wani ƙaramin rukunin ɗaliban jami'a horo na zama huɗu cikin mako huɗu, suka wallafa a 2009 cewa iya gane yanayin zuciya da sarrafa shi ya ƙaru, kuma bayan wata shida ƙarin yana nan. Rukunin ƙarami ne, amma binciken da suka tattara irin waɗannan horo daga baya sun samu sakamako mai kama da haka, matsakaici ba mai ban mamaki ba.

Abu guda da zan ba ka ka fara da shi gobe ya fito ne daga aikin Peter Gollwitzer, wanda ya nuna a 1999 cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi "zan dage" cika. Mu kuwa an riga an yanka mana yini gida biyar. Ka ce: in na sallame Asuba, zan zauna a wuri kaza in yi tambaya biyu daga tsohuwar takardar kwas kaza. Biyu kawai. Ka ƙara da na biyu: in na ji ƙirjina ya yi nauyi, zan faɗa wa kaina abin da nake ji, in ci gaba minti goma kafin in tashi. Kada ka jira himma ta zo kafin ka fara. Sau da yawa sai an fara take biyowa, domin tambaya biyun da ka warware su ne shaidar farko da zuciyarka za ta samu cewa kana iyawa.

Dole in faɗi inda wannan magana ta tsaya, don ina jin haushin yadda ake amfani da ita a ɗora wa ɗalibi laifin abin da ba shi ya jawo ba. Wanda ya zauna a gida kusan wata tara a yajin aikin ASUU na 2020, ya sake zaman wata takwas a na 2022, in himmarsa ta yi rauni ba basira ya rasa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, akwai ɗaliban da kuɗin mota zuwa makaranta da abincin rana suke zaɓar ɗaya. Wani bincike da Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da abokansu suka wallafa a 2013 ya gwada manoman rake a Indiya kafin girbi, lokacin da hannunsu yake wayam, da kuma bayan girbi, sai aka ga mutum ɗaya ya fi ƙoƙari a gwajin tunani bayan kuɗi sun shigo. Tunanin babu yana cin wuri a ƙwaƙwalwa. In naka nauyin ƙirjin na kuɗin rajista ne, maganinsa neman bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ko tallafin karatu na jiha, ko wata 'yar sana'a, ba zama ana nazarin zuciya ba.

Haka nan in abin ya wuce mako biyu kullum rai a ɓace, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, abubuwan da kake jin daɗinsu da duk sun fita a ranka, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, to an bar batun himma an shiga batun lafiya. Ciwon damuwa ciwo ne, ana maganinsa, kuma ba raunin imani ba ne. Ka fara da asibitin makaranta ko ofishin ba da shawara, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka asibitin koyarwa, akwai likitocin wannan fanni a na Bauchi da na Gombe. Ka yi addu'a, ka kuma je. Abin da ba za ka yi ba shi ne karɓar ƙwaya daga hannun aboki don ta hana ka barci ko ta sa ka manta, da tiramadol da makamantanta da haka suke shiga ɗakunan ɗalibai.

Kwasa-kwasan nan biyu kuma, in lokacin maimaita su ya zo, su za ka fara sa wa hannu a rajista, ka duba tun makon farko ko lakcarsu ta ci karo da ta ajinku, ka kai wa mai kula da ajinku maganar da wuri. Sannan ka shiga ajin. Na san zama cikin ƙannenka da ciwo, amma mafi yawan waɗanda na ga sun faɗi kwas ɗaya sau biyu ba wuyarsa ce ta kayar da su ba. Kunya ce ta hana su zuwa lakca, aka yi tes ba su ji ba, suka shiga jarrabawa da maki 30 ko 40 a ƙasa tun kafin a raba takarda.